Turancin Asibiti: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Da wuya yanzu mutum ya zauna da ma'aikatan asibiti, ko likita ne, ko nas, ko ungozoma, ko mai haɗa magani, har a tashi ba a ambaci jarrabawar Turanci ba. Dalili kuwa shi ne, wanda duk ya ke so ya yi aiki a asibitocin Ingila, ko Ailan, ko Ostareliya, galibi ba a ba shi izni sai ya kawo shaidar ya iya Turanci gwargwadon da hukumomin can su ke bukata. Akwai samari da 'yan mata namu waɗanda suka ci jarrabawar aikinsu da kyau, hannunsu kuma ya faɗa wajen jinya, amma wannan jarrabawa ta kā da su sau biyu ko sau uku, kowane karo kuwa da asarar kuɗi masu yawa. Muna so mu yi magana a kan wannan al'amari da malaman makaranta da akawunan hukuma, gama daga hannunsu waɗannan yara su ke fitowa, kuma wurinsu iyaye su kan zo neman shawara. Abin da mu ke so ya zauna a zuciyar mai karatu guda ne: wannan jarrabawa ta mai karatu kullum ce, wanda ya jira sai saura wata uku sa'an nan ya kama haddar jerin kalmomi, ya makara.

Bari mu fara da bayanin jarrabawar kanta, domin mutane da yawa suna jin sunanta ba su san abin da ke cikinta ba. Iri biyu ne aka fi yi. Ta fari sunanta IELTS, wadda aka fara a 1989, kowa da kowa ke yin ta, da ɗalibin lauya da na injiniya da na likita. Ta biyu sunanta OET, ita kuwa ta ma'aikatan lafiya ce kaɗai. Wani malami, Tim McNamara, shi ya tsara ta a Ostareliya wajen ƙarshen shekarun 1980, ana kuwa yin ta domin sana'o'i 12, har da likitan haƙori da likitan dabbobi. Hukumar da ke rajistar nas da ungozoma a Ingila ta fara karɓar OET a watan Nuwamba 2017, ta likitoci kuma ta bi baya a 2018. Ko da ya ke da Turanci a ke koyar da aikin likita da na jinya a Nijeriya, Ingila ba ta lissafa ƙasarmu cikin ƙasashen da yawancin mutanensu da Turanci suka tashi ba, saboda haka namu ma suna cikin masu yin jarrabawar.

Kowace daga cikinsu kashi huɗu ce: sauraro, da karatu, da rubutu, da magana. A OET ana ba da maki daga 0 zuwa 500, daraja ta B kuwa tana farawa daga 350. Ana bukatar nas ya sami B a sauraro da karatu da magana, a rubutu kuma an yi masa sauƙi zuwa C+, watau maki 300. Likita kuwa sai ya sami B a dukan huɗun. In IELTS mutum ya zaɓa, nas na bukatar 7 a jimla, da rangwamen 6.5 a rubutu, likita kuma 7.5 a jimla, kada ya kasa 7 a ko ɗaya. Sakamakon kuma ba ya dawwama, shekara biyu a ke karɓarsa.

To, mu duba kashin karatu na OET bisa tsarin da aka fito da shi a 2018, gama nan ne maganarmu ta fi ƙarfi. Sa'a guda a ke bayarwa, tambayoyi 42. A sashe na fari ana ba ka gajerun rubuce-rubuce huɗu a kan cuta guda ko magani guda, da tambayoyi 20, a ce ka gama cikin minti 15. In ka yi lissafi, daƙiƙa 45 ke nan ga kowace tambaya, har da nemo amsar da rubuta ta. Sashe na biyu guntaye shida ne irin takardun da a kan liƙa a ofishin asibiti, ko umurni, ko wasiƙar shugaba ga ma'aikata, ko bayanin yadda a ke aiki da wata na'ura. Sashe na uku dogayen rubuce-rubuce biyu ne, kowane kamar kalmomi 800, da tambaya takwas takwas, inda a ke so ka gane ra'ayin marubuci da abin da ya nufa ko da bai fito fili ya faɗa ba. Sashe na biyu da na uku minti 45 a ke ba su gaba ɗaya, kuma ba a shiga da ƙamus. Mai karatu yana bin kalma ɗaya ɗaya da yatsa, leɓunansa na motsi, ko da ya san ma'anar kome, lokaci zai ƙare masa tun bai kai rabi ba.

Kalmomi nawa mutum ke bukata kafin ya yi irin wannan karatu? Masana sun auna. Wani shehun malami na ƙasar Niyu Zilan, Paul Nation, ya nuna a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin Turanci ba da taimako ba, sai ya san kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke gabansa, wannan kuwa yana bukatar sanin tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000 tare da rassansu. Mu mai da wannan lissafin aji. Kashi 98 cikin 100, watau baƙuwar kalma ɗaya cikin kowace 50. A rubutu mai kalmomi 800, baƙi 16 ke nan, mutum na iya cinkar ma'anarsu daga maƙwabtansu. Amma wanda ya san kashi 90 kaɗai, ko da ya ke a kunne kamar ya yi ƙoƙari, baƙin kalmomi 80 za su tare shi a wannan rubutu, kusan kowane layi da guda. Nan cinka ba ta da amfani, gama maƙwabciyar baƙuwar ita ma baƙuwa ce. Sa'an nan a duba mai haddar wata uku. In ya haddace kalma goma kowace rana, bai yi fashi ba, bai manta ko ɗaya ba, abin da zai tara 900 ne. Ina 900, ina 8,000?

Akwai kuma wani ruɗi da ya kamata a kawar. Ɗalibai suna tsammani manyan kalmomin likitanci su ne abin tsoro, sai su ɓata kwanakinsu a kansu. Alhali kuwa su ne masu sauƙi, domin yawancinsu daga Girkanci da Latin aka harhaɗa su, guntu-guntu kamar tubali. Wanda ya san nephr ƙoda ce, hepat hanta ce, cardi zuciya ce, ya kuma san itis a ƙarshen kalma kumburi ne, ectomy kuma yanke abu a fitar, to ya riƙe mabuɗin ɗaruruwan kalmomi. Wannan kashi ma'aikatanmu sun riga sun san mafi yawansa tun daga makaranta. Abin lura a cikinsa shi ne kada gaggawa ta sa a rikita masu kama da juna. Tsakanin hypoglycaemia da hyperglycaemia haruffa kaɗan ne, amma ta fari sukarin jini ne ya yi ƙasa, ta biyu ya yi sama, wanda kuwa aka yi wa allurar insulin alhali sukarinsa ƙasa ya ke, yana iya rasa ransa. Haka miligiram da maikirogiram, na fari ya ninka na biyu sau 1,000.

Kashi na biyu, wanda a ganinmu ya fi kā da mutane, ƙananan kalmomi ne waɗanda ba wanda ya ke kula da su. Irin su unless, da until, da despite, da whereas, da withhold, da seldom. Irin bambancin da ke tsakanin may da should da must, watau abin da aka yarda a yi, da abin da ya kamata a yi, da abin da ya zama tilas. Irin at least da no more than, ɗaya iyakar ƙasa, ɗaya iyakar sama. Umurnin da ya ce a ba da magani sai fa in bugun zuciya ya kasa kaza, da wanda ya ce a ba da shi har sai ya kai kaza, kalma guda ta raba su, masu shirya tambayoyi kuwa a irin waɗannan wurare su ke kafa tarkonsu. Da su akwai kalmomin da a ke rubuta ilmi da su ko wane fanni ne, na nuna dalili, da shakka, da kwatanci, da sakamako. Wata malama, Averil Coxhead, ta tattara tushe 570 na irinsu a shekarar 2000, jerin nata kuwa yana nan kyauta ga mai nema. Ya kamata kowane malamin Turanci na sakandare ya san shi.

Kashi na uku shi ne bakin majinyaci. Tsohuwa a Ingila ba za ta kira ciwonta da sunan Latin ba. Za ta ce tana jin pins and needles, watau mirmiri kamar na ƙafar da aka daɗe a kanta, ko ta ce waterworks ɗinta ne ke damunta, tana nufin fitsari. In ta ce I feel sick, tashin zuciya ta ke nufi, ba rashin lafiya gaba ɗaya ba yadda mu ke ɗauka a nan. Mu ma muna da namu Turancin da ba a sani ba can. A Nijeriya in an ce mace ta yi put to bed, haihuwa ta yi, a Ingila kuwa kwantar da yaro barci ke nan. Ba aibi ba ne ga Turancinmu, kowace ƙasa da bakinta, yadda Hausar Sakkwato ta bambanta da ta Kano. Amma ungozomar da za ta yi aiki a wata ƙasa wajibi ne ta san inda hanyoyin suka rabu.

Kashi na biyu da na uku ba su haddatuwa daga jeri, gama ma'anarsu tana tare da jimlar da su ke ciki. Sai an gamu da kalma sau da yawa, a wurare dabam dabam, kafin ta zauna. Wannan ba sabon ilmi ba ne ga malaman horon malamai. Michael West, wanda ya shugabanci kwalejin horon malamai ta Dakka, a ƙasar da a ke kira Bangaladash yanzu, tun cikin shekarun 1920 ya lura littattafan da a ke ba yara sun cika baƙin kalmomi har yaro ba ya iya gama shafi. Sai ya shirya littattafai masu hawa hawa, inda sabuwar kalma ke zuwa jefi-jefi, ana kuma maimaita ta har ta zama 'yar gida. A 1953 ya fitar da jerin kalmomi kamar 2,000 waɗanda aka fi amfani da su a Turanci. Darasinsa yana nan daram: a ba mai koyo abin da ya ke iya karantawa da sauƙi, ya karanta da yawa, sa'an nan a ɗaga shi mataki na gaba.

Saboda haka ga shawararmu ga mai niyyar wannan jarrabawa. Na fari, ya ba kansa shekara guda ko fiye, ya yanke wa kansa rabin sa'a kowace rana ta karatu, ko yana aikin dare ko na rana. Na biyu, ya raba karatun iri biyu. Akwai na sauri, na abin da ke da sauƙi kuma mai daɗi, labari ko jarida, ba tsayawa duba ƙamus. Akwai na natsuwa, shafi guda a rana, inda zai tsaya a kan kowace jimla ya tambayi kansa wa aka ce ya yi me, yaushe, bisa wane sharaɗi. Kayan wannan karatu ba su da tsada. Takardar da ke cikin kwalin kowane magani, wadda a kan yar a kwandon shara, darasi ce cikakkiya ta irin Turancin sashe na fari. Bayanan cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, da na hukumar lafiya ta Ingila, da gwajin tambayoyin da masu OET da kansu su ke bayarwa, duk suna intanet kyauta, ana kuwa iya karanta su a wayar hannu.

Na uku, ya riƙe ɗan littafi, kowace sabuwar kalma ya rubuta ta tare da jimlar da ya same ta a ciki, kada ya rubuta ta tsirara. Na huɗu, ya riƙa tishi. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna a 1885 cewa yawancin mantuwa tana aukuwa ne cikin sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma bita a rarrabe ta fi bita a dunƙule. Wani Bajamushen kuma, Sebastian Leitner, ya fito da dabarar 'yan katuna a 1972: kalmar da ka tuna ka matsar da ita gaba, ka daɗe ba ka koma mata ba, wadda ka manta ka mai da ita farko ka gan ta gobe. Mu da muka san makarantar allo ba ma bukatar a yi mana dogon bayani, kowane gardi ya san haddar da ba a yi mata tilawa guduwa ta ke yi. Na biyar, sau ɗaya a mako ya ajiye agogo a gabansa ya yi gwaji cikin lokacin da aka ƙayyade, in ya gama ya zauna ya binciki kowace amsar da ya kuskure, ya gano kalmar da ta yaudare shi. Gwaji ma'auni ne kawai, auna hatsi kuwa ba ya ƙara shi. Wanda ya ke yin gwaji kullum ba ya karatu, maki ɗaya zai yi ta samu.

Muna kuma gargaɗi game da masu cewa suna da gajeriyar hanya, ko tambayoyin da za su fito, ko wanda zai zauna a madadin mutum. A 2023 hukumar nas ta Ingila ta ba da sanarwa ta sami alamun maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta da ke Ibadan. Ba ta Turanci ba ce, ta sanin aiki ce, amma darasin ɗaya ne. An soke sakamakon da aka samu a wurin, ɗaruruwan mutane suka sake jarrabawa, har da waɗanda ba su yi laifin kome ba, waɗansu kuma aka gurfanar da su gaban kwamitin bincike bayan sun riga sun kama aiki can. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma sunan ƙasa gaba ɗaya a ke ɓatawa.

Mun sani wani zai ce, ina dalilin da jaridar Gwamnati za ta koya wa ma'aikatanmu hanyar barin gida, alhali asibitocinmu na kukan rashin ma'aikata? Maganar tana da nauyi, ba mu raina ta ba. A 2023 nas da ungozoma da aka horar a Nijeriya waɗanda ke cikin rajistar Ingila sun haura 10,000, Indiya da Filifin kaɗai suka fi mu. A wannan shekara kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashe 55 masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya, waɗanda ba a so a riƙa zuwa ana kwasar ma'aikatansu. A watan Agusta 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da wata manufa musamman a kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Duk wannan gaskiya ne. Amma abin da zai tsai da ma'aikaci a gida shi ne albashi mai isa a kan kari, da kayan aiki, da gidan kwana, da tsaro, da hanyar ƙarin girma. Ba a tsare mutum da jahilci. Ban da haka, Turancin nan da a ke gwadawa, shi ne dai wanda aka rubuta a jikin kwalbar magani a asibitin Gusau da na Azare, da shi likita ke rubuta umurni a katin majinyaci, da shi a ke buga sababbin ƙa'idojin maganin zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka. Nas ɗin da ba ta rarrabe unless da until ba, hatsari ce ga majinyaci ko a Landan ko a ƙauyenmu. Cikin ɗari da za su gyara karatunsu, waɗanda za su tafi kaɗan ne, sauran mu za su yi wa jinya.

To, ina namu aikin? Malaman firamare da sakandare su sani tushen yana hannunsu, icce kuwa tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. A ware lokaci a jadawalin mako wanda yara za su yi karatu shiru, kowa da littafin da ya dace da ƙarfinsa, a bar yawan kwafe ma'anoni daga allo. Yaron da ya iya karatun Hausa da sauri, yana jin daɗinsa, shi ne ya fi saurin kama na Turanci, saboda haka kada a hana shi littattafan harshensa. Shugabannin makarantun jinya da na ungozoma da na kiwon lafiya kada su mai da darasin Turanci abin cika jadawali a shekarar fari kaɗai. A ci gaba da shi har ƙarshe, a kuma gina shi a kan takardun asibiti na gaske, bayan an shafe sunayen majinyata.

Akawunan ƙananan hukumomi da na masarautu kuma, ku ne masu rubuta kasafi da takardun neman kuɗi. Dattawa suna tune da ɗakunan karatu da En'e ta kan buɗe a garuruwa, inda malami da ɗan kasuwa su kan zauna su karanta jarida. Ɗaki guda mai benci da fitila, da ƙamus biyu ko uku, da littattafai masu hawa hawa, bai kai kuɗin taya huɗu na motar ofis da wani abin kirki ba. In hukuma ta ɗauki nauyin karatun yaro, daidai ne ta ɗaure shi da yarjejeniyar yi wa mutanensa aiki na 'yan shekaru, amma ta cika nata alkawarin, ta kuma ba shi ilmi cikakke. Iyaye kuma in sun zo muku da zancen sayar da gona domin biyan kuɗin jarrabawa, ku tambayi yaron littafi nawa ya karanta bana. In ya yi shiru, ku ce a bar gonar tukuna, ya je ya yi shekara yana karatu.

Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji masu iya magana. Wanda ya fara yau da shafi guda, ya riƙe shi ba fashi, baɗi war haka ya karanta shafi 365, ko ya zauna jarrabawa ko bai zauna ba majinyatansa sun ci riba. Allah ya ba malamai haƙurin koyarwa, ya ba ɗalibai naciya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.